Idon mai sana'a: yadda masu haɗa bidiyo ke kallon telebijin

Sanin kowa ne cewa tela ba ya kallon riga yadda sauran jama'a ke kallonta. Inda kowa ke ganin kyan shadda da ɗaukar ido na aiki, shi tela ɗinkin hammata yake dubawa, da inda zare ya kauce. Haka magini idan ya shiga gidan wani, kafin ya gama gaisuwa idonsa ya riga ya auna bango. To, akwai wasu ma'aikata da yawansu ya ƙaru ƙwarai a ƙasar nan cikin shekaru talatin da suka wuce, waɗanda su ma sana'arsu ta canza musu ido: masu ɗaukar hoto na gidajen telebijin, masu muntaj, masu kula da sauti, masu shirya finafinai, da ɗimbin samarin da ke yawo da kamera wajen bukukuwan aure da suna a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa.

Waɗannan mutane su ke cika mana akwatin telebijin. Amma su kansu me suke kallo idan sun koma gida, kuma yaya suke kallonsa? Mai karatu zai iya ɗauka wannan tambaya ce ta raha. Alhali kuwa tana da nauyi, domin abin da mai haɗa hoto ya ciyar da idonsa da shi yau, shi ne zai dafa mana gobe, cikin labarai, cikin wasan kwaikwayo, har cikin tallar da ɗan kasuwa zai biya kuɗinsa a yi masa.

Kallon da ya zama aiki

A tsarin telebijin da muke amfani da shi, hoto 25 ne ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya. Ke nan minti ɗaya ya ƙunshi hoto 1.500, awa ɗaya kuma hoto 90.000. Mai kallo ba ruwansa da wannan lissafi, motsi kawai yake gani. Shi kuwa mai muntaj, wato wanda ke yanka hotunan da aka ɗauko ya jera su, da waɗannan ƙananan hotuna yake wuni. Yakan tsaya a kan daƙiƙa biyu ya maimaita su sau goma, yana neman daidai inda zai yanka, ko kafin mai magana ya rufe baki, ko bayan ya ɗaga kai. Wanda ya shekara biyar yana wannan aiki, idonsa ba ya sake komawa yadda yake da.

Sabili da haka, idan ya zauna gaban telebijin cikin iyalinsa, labari ɗaya ake kallo amma abu biyu ake gani. Uwargida na jin haushin kishiyar da ke cikin wasan, shi kuwa ya lura cewa kofin shayin da ke hannun dama ya koma hannun hagu da aka canza hoto, ko hular maigida ta karkata a nan ta miƙe a can. Mai ɗaukar hoto haske yake bi: daga ina ya fito, me ya sa fuskar baƙin mutum ta dushe gaban farin bango, me ya sa aka tsayar da wanda ake hira da shi ya ba taga baya. Akwai wata doka da kowane ɗan koyo ke haddacewa, cewa idan mutum biyu na magana kamera ba ta tsallaka layin da ya haɗa su, in ba haka ba sai a ga kamar dukansu gefe ɗaya suke duba. Da zarar an karya ta, mai sana'a ya gani, ko da yana cikin cin tuwo. Mai sauti kuma ya fi kowa wahala, domin kunne ba ya da marfi: yana jin ƙugin injin wuta a bayan mai magana, yana jin inda aka manna murya daga baya, yana jin yadda talla ke fashewa da ƙarfi fiye da shirin da ta katse.

Daga nan wasu ɗabi'u suka samo asali waɗanda iyalan ma'aikatan nan suka sani sarai. Akwai mai kashe murya ya kalli hoto tsura, don ya ga ko labarin zai tsaya da ƙafarsa. Akwai mai mayar da wuri ɗaya baya har sai yara sun gaji sun tashi. Kusan dukansu kuma suna zama har ƙarshen jerin sunayen da ke hawa bayan shiri, lokacin da kowa ya watse, domin a nan ne ake sanin wa ya ɗauka, wa ya haɗa, wa ya samu aikin da aka so a samu.

Wannan kaifin ido yana da amfani, yana kuma da tarko. Walter Murch, Ba'amurken da ya haɗa sautin fim ɗin Apocalypse Now, wanda kuma ya samu kyautar Oscar biyu a 1997, ta muntaj da ta sauti, ya jera abubuwa shida da mai yanka hoto ya kamata ya kula da su. Abin da ya sa a gaba shi ne abin da mai kallo zai ji a zuciyarsa, sannan labari, sannan saurin tafiyar hotuna. Daidaiton wuri, irin na kofin shayi da hula, shi ya sa a ƙarshe. Ke nan babban gwani na gargaɗin ƴan'uwansa cewa wanda ya shagala da farautar kurakurai yana iya manta abin da ya zaunar da jama'a gaban akwatin.

Lokacin da kowa ke kallo, su suna aiki

Abu na biyu shi ne lokaci. Sa'ar da ma'aikacin gwamnati ya dawo gida, ɗan kasuwa ya rufe kanti, aka yi sallar lisha aka kunna tele, ita ce sa'ar da ma'aikacin gidan telebijin ya fi shan aiki. Labaran dare sai an haɗa su, an karanta su, an watsa su, kuma duk wanda ke da hannu ciki yana ganin su ne daga ɗakin aiki, ido a kan agogo. Masu bidiyon buki su ma haka: Asabar da Lahadi suna wajen ɗaurin aure da kai amarya, sauran kwanaki suna gaban kwamfuta suna rage awa biyar ko shida na hoto zuwa abin da za a iya kallo, masu buki na kira a waya suna tambayar ina aka kwana. Ga kuma ɗaukewar wuta, musamman lokacin bazara, wadda ke tilasta wa da yawa su mayar da dare rana.

Wanda ya wuni yana zura wa gilashi ido, da wuya ya yi marmarin wani gilashin idan ya dawo. Shi ya sa ake samun abin mamaki, mutumin da telebijin ke ciyar da shi amma bai san inda wasan da dukan unguwa ke magana a kansa ya kwana ba. Kallon da yake yi na tsinta ne: ya duba labaran gidan da suke gasa da shi don ya ga wa ya riga wani, ya duba minti uku na wani shiri a wayar salula, ya nemi yadda ake wata dabara a YouTube, ya wuce. Yana kallo da yawa, amma gutsi-gutsi, cikin gaggawa, kuma shi kaɗai.

Abin da ido ya ci

Tarihin silimar ƙasar nan ya isa shaida cewa abin da mutum ya kalla yana bin sa. A 1958 Jean Rouch ya fito da fim ɗin Moi, un noir, kan ƴan Nijar masu ci-rani a unguwar Treichville ta Abijan. Samarin da ke ciki sun laƙaba wa kansu sunayen taurarin da suke gani a silima: wani Eddie Constantine, wani Tarzan. Wanda ake kira Edward G. Robinson kuwa shi ne Umaru Ganda, tsohon soja da ya yi yaƙin Indosin, ɗan dako a tashar jirgin ruwa. Shi ne daga baya ya shirya Cabascabo, ya kuma ɗauki babbar kyautar FESPACO ta farko a Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame. Ya shiga sana'ar da sunan aro, ya fita da labaran gida: tsohon soja da abokai suka cinye wa kuɗi, da alhajin da ya nace sai ya auri yarinyar da aka yi wa wani alkawari.

Mustafa Alasan, wanda ya yi shekarunsa na ƙarshe a Tawa ya kuma rasu a 2015, ya mai da wannan al'amari fim sukutum. Cikin Le Retour d'un aventurier na 1966, wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi gari da faɗa da sata, suna kwaikwayon abin da suka gani a majigi. Zalika Sule da Jingare Maiga suna cikin ƴan wasan. Alasan ya san finafinan kaboyi ciki da waje, ya aro rigarsu, amma don ya nuna wa mutanensa yadda rigar aro ke zama a jiki.

A ƙetaren iyaka kuma, labarin Kano ya fi fitowa fili. Tun wajen shekarun 1960 gidajen silima na arewacin Najeriya ke nuna finafinan Indiya, yara suka tashi da su. Da waɗannan yara suka girma suka riƙe kamera, bayan Turmin Danya na 1990 ya buɗe kasuwar fim ɗin kaset, sai ga rawa da waƙa tsakanin saurayi da budurwa, ga auren dole, ga mace biyu a kan namiji ɗaya. Sangaya, a ƙarshen shekarun 1990, ya kafa wannan salo daram. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa yana nuna finafinan Hausa da aka ɗauko labarinsu kai tsaye daga na Indiya. Tun da kuwa kaset ɗin Kano ya cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram, samarinmu da suka fara haɗa fim sun gaji Indiya ta hannu na biyu. Har cikin bidiyon buki ana ganin sawunta: amarya na tafiya a hankali kamar cikin mafarki, furanni na zuba a gefen hoto, kamera na zuƙowa kan fuska sau uku a jere.

Me akwatinmu ya ba su?

Ba a zargin mutum da cin abin da ya tarar a akushi. Telebijin ya shigo Nijar a 1964 ta hanyar lakkol, da taimakon Faransa, don koyar da yara a aji. Sai a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kunce, Télé Sahel ta fara watsa wa jama'a shiri, aka kuma kafa akwatunan kallo na gayya a garuruwa, wasu da hasken rana suke aiki. Waɗanda suka tashi a lokacin sun ga wasannin kwaikwayo na Hausa na ƙungiyar Damagaram da na su Yazi Dogo, inda ake yi wa ma'aikacin da ke cin hanci da ɗan kasuwa mai algus dariya a gaban kowa. Amma shirin gida yana da tsada, na waje kuwa kusan kyauta yake zuwa. Daga 1989 hukumar CFI ta Faransa ta riƙa aiko wa gidajen telebijin na Afirka shirye-shirye ta tauraron ɗan'adam. Ɗan sandan Jamus Derrick da dogayen wasannin soyayya na Barazil da Meksiko suka zama ƴan gida a ƙasashe masu aiki da Faransanci. Karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta ninka kuɗin kaset da kayan aiki, ta ƙara sa shirin gida ya yi wuya.

Tsofaffin ƴan kasuwar kayan lantarki ba su manta da wata matsala ta wancan zamani ba. Nijar tana kan tsarin launi na Faransa, SECAM, Najeriya kuwa tana kan PAL. Wanda akwatinsa tsari ɗaya ya sani, idan ya sa kaset ɗin Kano sai ya fito baƙi da fari, idan kuma ya kamo tashar Najeriya da eriya sau da yawa hoto ne ba murya. Shi ya sa akwati mai karɓar kowane tsari ya yi farin jini a garuruwan iyaka, ma'aikatan hoto kuma suka zama masu ido biyu tun da wuri, ɗaya a Paris, ɗaya a Kano.

Yau wannan shinge ya faɗi. Gidajen telebijin masu zaman kansu sun buɗe tun daga shekara ta 2000, ORTN ta zama RTN, parabol ta hau rufin gidaje har a ƙauye. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 da shirye-shiryen Hausa zalla, ta kuma nuna da Daɗin Kowa cewa dogon wasa ba rawa ba waƙa yana iya riƙe jama'a shekara da shekaru. A 2020 Labarina da Izzar So suka ja miliyoyin masu kallo, aka koma bin fim kashi-kashi a waya. Ga finafinan Indiya da aka juya bakinsu zuwa Hausa, ga ƙwallon Turai. Ɗan koyon muntaj a Maraɗi yana iya ganin aikin duniya duka daga inda yake zaune.

Giɓi biyu

Duk da wannan yalwa, abu biyu sun yi ƙaranci cikin kallon masu sana'ar, kuma su ne suka fi muhimmanci.

Na farko, aikin magabatansu. A 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya keɓe kwanaki yana nuna finafinan Mustafa Alasan. Saurayin da ke riƙe da kamera a Tawa, garin da mutumin ya zauna, zai sha wahala kafin ya samu inda zai ga ko ɗaya daga cikinsu da kyakkyawan hoto. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Yawancin gidajen silima na da sun rufe, wasannin kwaikwayo na shekarun 1980 kuma suna kan kaset irin U-matic da Betacam, waɗanda zafi da ƙura ke ci, injinan karanta su kuma an daina ƙera su. Kamfani na ƙarshe mai yin injin VHS ma ya tsaya a 2016. A Faransa, su Truffaut da Godard sun koyi sana'a ne a kujerun Cinémathèque, gidan da Henri Langlois ya kafa a 1936 don adana tsofaffin finafinai da nuna su. Sun ƙoshi da kallon na gaba kafin su taɓa kamera. Namu samarin an bar su su fara daga fari, kamar ba a taɓa yin kome ba a ƙasar.

Na biyu, zama cikin jama'a. Usman Sembene na Senegal ya ɗauki silima a matsayin makarantar dare, yakan kuma bi finafinansa gari-gari ya ji abin da mutane za su ce. Mai haɗa hoto da ke kallo shi kaɗai, da abin ji a kunne, bai san inda mata ke dariya ba, bai san inda tsoho ke tsaki ya tashi ba, bai san daidai minti nawa ƴan fada ke jurewa kafin su koma kan shayinsu ba. Wannan ilimi ba ya cikin YouTube. Yana tsakar gida, yana rumfar mai shayi, yana gidan kallo na unguwa. Wanda ya rasa shi sai ya riƙa yin aiki don ya burge abokan sana'a, ya cika hoto da walƙiya da juye-juye, mai kallo kuwa ya kasa gane abin da ake son gaya masa.

Waɗanda suka haɗa kallon waje da sanin gida, aikinsu ya nuna. Sani Magori, ɗan Galmi da ya karanta aikin gona kafin ya koyi fim a Saint-Louis ta Senegal, ya fito a 2008 da Pour le meilleur et pour l'oignon, labarin manomin da auren ɗiyarsa ya rataya a kan kuɗin albasar bana. Aisha Maki ta koma garinsu ta shirya Zinder a 2021, kan samarin unguwar Kara-Kara. Dukansu da Hausa ake magana ciki, dukansu sun zagaya duniya. Ya kamata a ce kowane ɗan koyo a ƙasar nan ya gan su, ya kuma gan su tare da mutanen da aka yi su a kansu.

Abin da ya rage gare mu

Ɗan kasuwar da zai ba da aikin talla yakan tambayi irin kamerar da za a yi amfani da ita, da ko akwai jirgin nan marar matuƙi mai ɗauka daga sama. Da zai ƙara da tambayar abin da mai aikin yake kallo, da wurin da yake kallonsa, da ya fi sanin abin da zai saya. Tallar shinkafa ko ta atamfa da aka kwaikwayo daga wata tashar Turai tana iya yin kyau a ido, ta wuce ta bar matar da ke riƙe da kuɗin cefane ba ta ji an yi da ita ba. Attajiran Maraɗi da Damagaram da ke ɗaukar nauyin kokowa da ƙwallo suna iya ɗaukar nauyin daren silima sau ɗaya a wata a gidan matasa, kuma kuɗinsa bai kai na buki ɗaya ba.

Ma'aikatan gwamnati kuwa, musamman na ma'aikatun sadarwa da al'adu, da na RTN, da cibiyar silima ta ƙasa, nauyin da ke kansu ya fi girma. Tsofaffin kaset na gidan telebijin dukiyar ƙasa ce, a juya su zuwa kwamfuta tun ana iya karanta su. A nemi kofin finafinan Ganda da Alasan da Jingare Maiga daga inda aka adana su a waje, a daidaita da masu haƙƙinsu, a ba su lokaci sananne a tele kowane mako. Makarantun da ke horar da ƴan jarida da masu fasahar hoto su sa kallo cikin darasi, fim guda daga farko har ƙarshe, a tattauna a kansa. Shugabannin gidajen telebijin kuma su san cewa ma'aikacin da ba a bar masa daren da zai zauna ya kalli shiri cikin iyalinsa ba, ana rage masa wani abu da aikin kansa ke bukata.

Su ma masu sana'ar akwai nasu. Idon tela ba ya komawa na mai sayen riga, wannan gaskiya ne. Amma tela na ƙwarai yakan je wajen buki ya ga yadda rigar ke zama a jikin mai ita idan ya zauna, idan ya tashi, idan ya durƙusa gaida manya. Mai kamera ma ya ajiye wayarsa wani dare, ya shimfiɗa tabarma cikin mutane, ya yi shiru ya saurari inda za su yi dariya.